Tuskani, Piemonte, Puglia ko Sisili: ina za ka nufa da motar haya a karkarar Italiya?

Idan biza ta fito, an ware kuɗin tafiya, mutum kuma ya ƙudurta cewa ba a layin shiga gidajen tarihi na Roma zai ƙarar da hutunsa ba, mota zai haya ya bi ƙauyuka da gonaki, to abu na farko da zai tarar shi ne Italiya doguwa ce. Daga Milan zuwa Palermo a mota ya haura kilomita 1,400, har da tsallake ruwa a jirgin fito. Kwana bakwai ko goma ba za su ɗauke ta ba. Wanda ya ce sai ya taɓa ko'ina, babbar hanya da gidajen mai kawai zai gani. Gara a ɗauki yanki ɗaya a zauna masa.

Yankuna huɗu ne zan auna: Tuskani a tsakiya, Piemonte a arewa maso yamma, Puglia (ana furta shi Puliya) a kudu maso gabas, sai tsibirin Sisili. Turawan da ke rubutu kan irin wannan tafiya da ɗanɗanon giyar inabi suke auna su, wanda bai da amfani ga yawancinmu tunda ba sha muke yi ba. Amma gonakin inabin nan su ne suka ƙawata ƙasar, kuma masaukai mafi daɗi a tsakiyarsu suke. Don haka tambayar da na ɗora kwatancen a kanta ita ce: idan aka ɗauke kwalbar daga kan tebur, me ya rage wa baƙo? Hukuncin shiga inda ake matsar inabi kuwa tsakanin mutum ne da malaminsa. Ni hanya da masauki da aljihu zan yi magana a kai.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko kuɗi, musamman na kwana, don shi ke cinye kaso mafi girma bayan tikitin jirgi. Na biyu sauƙin tuƙi: faɗin hanya, yawan kwana-kwana, nisa daga filin jirgi. Na uku abinci, wato yadda wanda ba ya cin alade, ba ya son giya a miya, zai ƙoshi ba tare da ya mayar da kowane cin abinci zaman tuhuma ba. Na huɗu abin da yankin ke da shi bayan giya. Na biyar shi ne kwana nawa yankin zai riƙe ka kafin ka fara jin kana maimaita jiya, da kuma watannin da yake karɓar baƙi. Na ƙarshe haɗari, wanda a Italiya galibi na aljihu ne: tara, fasa mota, tafiyar da yanayi ya ɓata.

Abin da ya haɗa su duka

Masaukin da ake nufi a nan shi ne agriturismo, gidan gona mai saukar baƙi. Ba suna ne da kowa ke liƙa wa gidansa ba. Doka ce ta kafa shi a 1985, aka sabunta ta a 2006, don a hana manoma barin ƙauye, kuma sharaɗinta shi ne noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi ya biyo baya. Yau akwai irinsu fiye da 25,000 a ƙasar. Kada ka je da tunanin otal. Ba lallai ka samu mai tarbarka da tsakar dare ba, wasu ba su da na'urar sanyaya ɗaki, abincin dare kuma iri ɗaya ake dafawa ga kowa, a zuba wajen ƙarfe takwas. Shi ya sa tun wajen kama ɗaki za ka rubuta musu kalmomi biyu: senza maiale, ba alade, da senza vino, ba giya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da ta ɗora miyarta tun la'asar ba za ta sauya ta don ka yi magana bayan ka zauna ba. Wanda bai yarda da yankan da bai sani ba, ya kama ɗaki mai kicin, ya sayo nama a mahautan Musulmi da ke manyan garuruwa kafin ya shiga karkara.

Batun mota, da lasisin ƙasarka kaɗai ba za ka tsira ba. Sai ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ga katin banki da sunan direba don kuɗin jingina. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada kuma tana saurin ƙarewa. (Giya biyu ke nan za ka yi hattara da su a tafiya ɗaya.) Ɗauki ƙarama. Babbar mota a lungun ƙauyen da aka gina shekara ɗari bakwai da suka wuce azaba ce. Allo kore na nufin babbar hanyar da galibi ake biya, inda iyakar gudu kilomita 130 ce. A hanyoyin karkara 90, cikin gari 50. Layin fakin shuɗi na biya ne, fari galibi kyauta, rawaya ba naka ba ne.

Tarkon da ya fi kama baƙi sunansa ZTL. Tsakiyar kusan kowane tsohon gari an hana motar baƙo shiga a wasu sa'o'i. Alamar da'ira ce fara mai jan baki, ba ƙofa, ba ɗan sanda, kyamara ce kawai ke ɗaukar lamba. Tarar tana farawa daga kusan Yuro 80, kowace shiga da tata, kamfanin haya ya ƙara nasa ladan na miƙa sunanka, kuma hukuma na da kwana 360 ta aiko wa wanda ke zaune a wata ƙasa. Kana iya komawa gida ka manta da tafiyar, takarda ta biyo ka. A garuruwan kan tudu, hangen Dala ba shiga birni ba ne: ajiye mota a wajen ganuwa, ka ƙarasa da ƙafa.

Tuskani

Wannan ita ce Italiyar da ake bugawa a kalanda: tuddai masu laushi, dogayen itatuwa jere a bakin hanya, gidan dutse shi kaɗai a kan tudu. Ita ta fi kowane yanki yawan gidajen gona, sama da 5,000, don haka zaɓi ba ya ƙarewa kuma masu gidajen sun saba da baƙo mai sharuɗɗa. Turanci yana aiki kusan ko'ina.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce SR222, wadda ake kira Chiantigiana, daga Fulorens (a allon hanya Firenze za ka gani) zuwa Siena, kimanin kilomita 70 ta Greve da Panzano da Castellina. Nan ne ƙasar Chianti, wadda sarki Cosimo na Uku na gidan Medici ya shata iyakarta tun 1716, kuma baƙin zakaran da za ka riƙa gani a alluna tambarin masu giyar yankin ne. Ta biyu tana kudu da Siena, kwarin Val d'Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. A ganina, wanda ba ya sha ya karkata ga ta biyun. Chianti daji ne da gonakin inabi, kusan kowace ƙofa ta ɗanɗana giya ce. Val d'Orcia kuwa fili ne buɗaɗɗe na alkama da tumaki. Akwai Montalcino da Montepulciano ga masu neman giya, amma a tsakaninsu ga Pienza, ƙauyen da Fafaroma Pius na Biyu ya sake ginawa daga 1459 saboda a nan aka haife shi, wanda yau warin cukun tumaki ne ke tarbarka tun daga ƙofar gari. Ga Bagno Vignoni, inda a maimakon dandali, tafkin ruwan zafi ne a tsakiyar ƙauyen. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ana girbin zaitun, kuma gidajen matsa suna barin baƙo ya tsaya ya ga mai kore shar yana zuba, ya ɗanɗana a kan gasasshen burodi, ya ji yana ƙartar maƙogwaro. Wannan ƙartar ita ce shaidar sabo ne.

Abinci sai da lura. Farantin buɗe baki a nan kusan duk alade ne, kuma cinghiale da za ka gani a kowane jerin abinci aladen daji ne. Mafitarka pici all'aglione, taliya mai kauri da tumatir da tafarnuwa, da miyar ganye da wake da burodi da ake kira ribollita, ita ma a tambaya ko an sa kitse. Burodinsu ba gishiri, kada ka zaci mantuwa ce. Akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa, tsakanin Fulorens da Siena, da aka buɗe a 2013.

Illarta biyu ce. Tsada da cunkoso daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da wasu gidajen ba sa karɓar ƙasa da kwana uku, wasu ma sai mako cur. Sai farin burjin da ke kaiwa ga yawancin gidajen gona. Yana da kyau a hoto, amma inshorar haya ta yau da kullum ba ta cika ɗaukar taya da gilashi da ƙasan mota ba. Karanta takardar kafin ka sa hannu. Tuskani za ta riƙe ka mako guda ba gajiya, don ga Siena da San Gimignano da Fulorens duk a kusa.

Piemonte

Tuddan Langhe, wajen awa ɗaya kudu da Turin, ko awa biyu daga filin jirgin Malpensa na Milan. A nan kusan ba a bar taku ɗaya na ƙasa ba a shuka inabi ba, layi-layi kamar kitso, kuma UNESCO ta amince da su a 2014. Ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ne kawai ke da izinin yin giyar Barolo, da inabin Nebbiolo da ba ya nuna sai Oktoba, lokacin da hazo ke kwanciya a kwari, ƙauyuka su yi kamar tsibirai a kansa. Tsaya a dandalin La Morra da safe ka gani. In sama ta washe, har tsaunukan Alps masu ƙanƙara za ka hango.

Sai dai gaskiya ɗaya: a cikin huɗun nan, wannan ne yankin da giya ta fi zama ginshiƙi. Yawancin gidajen matsar ƙanana ne na iyali, sai da alƙawari ake zuwa, kuma mai gida zai ɗauki awa biyu yana bayanin bambancin ƙasar wannan gangare da ta wancan. Ga mai sha'awar abin, babu kamarsa a Italiya. Ga wanda ba ya sha, kwana uku ko huɗu sun isa.

Abin da ya rage bai da yawa amma yana da nauyi. Garin Alba shi ne gidan kamfanin Ferrero tun 1946, kuma daga nan Nutella ta fito a 1964, saboda yankin ne ke noma nocciola, wata ƙwaya mai girman gujiya da ke fitowa a bishiya. Alba ce kuma kasuwar farin tartufo, ɗan'uwan laimar kwaɗi da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, karnuka ke tono shi da hancinsu, ana sayar da kilo a dubban Yuro, ana kankare shi a kan taliya ana auna abin da aka zuba maka da giram. Bajekolinsa daga Oktoba ne zuwa farkon Disamba, kuma a ƙarshen makon wannan lokaci ɗaki ya fi tartufon wuyar samu. A Bra da ke kusa Carlo Petrini ya fara ƙungiyar Slow Food a 1986, ta kare abincin gargajiya. A Grinzane akwai fadar da Cavour, firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya, ya zauna yana magajin garin.

Kicin ɗin Piemonte ya fi kowanne wahalar da mai taka-tsantsan. Shahararren naman sa a cikin giya ake dafa shi, ƙananan taliyar da ake cusa wa nama sau da yawa da alade a ciki, shinkafarsu ma da giya ake fara ta. Tajarin, siririyar taliyar ƙwai da man shanu, ita ce mafaka. Hanyoyi kwalta ce mai kyau, gajeru, amma kwana a kan kwana, ga hazo. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu hanyoyi da yawa na buƙatar tayar sanyi ko sarƙa a but.

Puglia

Nan ma ana yin giya da yawa, amma zaitun ne mai gida. Puglia ta fi kowane yanki na Italiya samar da man zaitun, kuma tsakanin Fasano da Ostuni akwai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa, kututturansu a murɗe kamar igiya. Akwai giyar Primitivo a Manduria ga mai nema, amma kana iya yin mako guda babu wanda ya tura maka kofi.

Masaukin yankin sunansa masseria: babban gidan gona mai katanga da tsakar gida, an gina da yawansu kamar ganuwa saboda maharan da ke zuwa ta teku a da. Yi hattara da sunan, don ya haɗa gidan manomi mai ɗaki shida da katafaren wurin hutu irin wanda aka yi taron shugabannin G7 a cikinsa a Fasano a Yunin 2024. Farashinsu ba ya haɗuwa ko kaɗan. Zaɓi na biyu shi ne trullo, ɗakin dutse mai rufi tsololo wanda duk Bahaushen da ya gani rumbu zai tuna. Akwai sama da 1,500 a Alberobello, amma can kallo za ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Kwana kuwa a karkarar Locorotondo ko Cisternino ya fi sauƙi da shiru.

Tuƙi a nan ya fi ko'ina sauƙi, don ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, garuruwan kwarin Itria, irin su Alberobello da Locorotondo da Cisternino, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne tsakaninsu, kuma daga filin jirgin Bari ko na Brindisi wajen awa ɗaya ne. Sai dai ƙananan hanyoyi katangar dutse ce hagu da dama, madubin gefe na shan wahala.

Abinci kuwa kamar don mu aka tsara shi. Kicin ne na talaka: wake daka da ganye mai ɗaci, taliyar orecchiette da ganye, cukun burrata mai ruwa a ciki, burodin Altamura, kifi daga teku biyu. Abu uku za ka kiyaye. Gasasshen naman bombette na Cisternino alade ne, ƙananan cincin ɗin taralli da farar giya ake kwaɓa su, kuma cavallo naman doki ne, wanda a nan abinci ne na kullum.

Tarihi ma akwai. Bari ta kasance ƙarƙashin sarakunan Musulmi daga 847 zuwa 871. A Lucera, sarki Frederick na Biyu ya tsugunar da Musulmin da ya kwaso daga Sisili tun shekarun 1220, suka zauna har 1300 da aka tarwatsa su. Fadarsa mai kusurwa takwas, Castel del Monte, ita ce a bayan kwabon santi ɗaya na Italiya.

Haɗari biyu. Lardunan arewacin Puglia suna cikin waɗanda suka fi yawan satar mota a ƙasar, don haka cikakkiyar inshora a nan ba almubazzaranci ba ce, kuma kada a bar ko jakar banza a kujera. Na biyu na ido ne: cutar Xylella da aka gano kusa da Gallipoli a 2013 ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun a kudancin yankin. Wanda ya gangara ƙasa da Lecce zai wuce gonaki busassu fari fat. Agusta kuma a guje ta, don lokacin ne Italiyawa da kansu ke kwararowa bakin teku.

Sisili

Ba zan ɓoye ba, nan zuciyata ta fi karkata, kuma nan ne ya fi wahala.

Tsibirin babba ne, Palermo zuwa Catania kusan kilomita 200. Sai a zaɓi gabas ko yamma, ko a ba shi kwana goma. A gabas akwai Etna, dutse mai aman wuta da ya haura mita 3,300. Gonakin inabi suna arewacinsa, a bakin hanyar SS120 tsakanin Linguaglossa da Randazzo, a kan matakalan da aka gina da baƙin dutsen da dutsen ya amayo. Ƙasar baƙa ƙirin, ganye kore, sama hayaƙi na tashi. Ko ba ka taɓa kofi ba, wannan kallo ya biya kuɗin mai. A gefe guda ga Bronte da fistashiyonta da ake girbewa shekara bibbiyu, ga zumar Zafferana, ga lemun zaƙi mai jan ciki a filin Catania.

Yamma kuwa tarihinmu ne a shimfiɗe. A 827 rundunar Musulmi daga Tunusiya ta sauka a Mazara del Vallo, kuma jagoranta ba sarkin yaƙi ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad ibn al-Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Ya rasu shekara guda bayan haka a wajen kewaye Siracusa. Palermo ta faɗi a 831, mulkin Musulmi ya ɗore har Normawa, Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka kammala karɓe tsibirin a 1091. Su ma ba su share abin da suka tarar ba: a fadar sarki Roger na Biyu al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154, kuma har yau a ƙofar babban cocin Palermo akwai ginshiƙi mai ɗauke da ayar Alƙur'ani. Sunayen garuruwa na ba da shaida. Marsala, garin giyar da ta yi suna, daga marsa ne, tashar jirgin ruwa. Duk garin da ya fara da Calta, kamar Caltagirone, daga ƙal'a ne, ganuwa. Inabin da suke kira zibibbo kuwa kalma ɗaya ce da zabibinmu. A Trapani kuskus da romon kifi ne abincin gari, har biki ake masa a San Vito Lo Capo duk Satumba. Gidan gonar yamma sunansa baglio, ɗakuna kewaye da tsakar gida, ƙofa ɗaya babba. Ba sai an yi wa Bahaushe bayanin wannan tsari ba.

Abinci mai sauƙi ne saboda kifi da gauta da taliya sun yi yawa. A tambaya game da cannoli, kayan zaƙin tsibirin, don ɓawonsa na gargajiya da kitsen alade da ɗan giya ake yi, kuma Catania ma gidan naman doki ce. Masallacin Catania da aka buɗe a 2012 yana cikin gari. Kuɗin kwana da na abinci gaba ɗaya sun fi na Tuskani sauƙi, in ka cire garin shaƙatawa na Taormina. Babbar hanyar Palermo zuwa Catania da ta Palermo zuwa Mazara kyauta ne.

Wahalar ita ce hanya. Gyare-gyare ba sa ƙarewa, ƙananan hanyoyin cikin tsibiri akwai ramuka da zaizaya, tuƙi a Palermo da Catania kuma na mai ƙarfin zuciya ne, kodayake wanda ya saba da kasuwar Kwari da azahar ba zai firgita ba. Etna na iya zubo toka a rufe filin jirgin Catania na sa'o'i, don haka kada a tsara komawa a ƙure. Zafi ma ba wasa ba ne: kusa da Siracusa aka auna digiri 48.8 a Agustan 2021, mafi zafi da aka taɓa rubutawa a Turai.

| Ma'auni | Tuskani | Piemonte | Puglia | Sisili |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin kwana | Mai tsada | Matsakaici, ya yi tsada a Oktoba da Nuwamba | Daga araha zuwa tsada sosai | Mafi sauƙi |
| Tuƙi | Kwana da burji | Kwalta mai kyau, kwana da hazo | Mafi sauƙi | Mafi wuya, nisa da ramuka |
| Abinci ga mai kiyayewa | Sai da lura | Mafi wuya | Mafi sauƙi | Mai sauƙi |
| Abin da ya rage bayan giya | Da yawa | Kaɗan | Da yawa | Mafi yawa |
| Kwanakin da ya cancanta | 6 zuwa 8 | 3 zuwa 4 | 5 zuwa 7 | 8 zuwa 10 |
| Watanni mafi kyau | Mayu, Yuni, Oktoba | Satumba zuwa Nuwamba | Mayu, Yuni, Satumba | Afrilu, Mayu, Oktoba |
| Babban haɗari | ZTL da cunkoso | Hazo, rashin ɗaki | Fasa mota da sata | Hanya, zafi, toka |

Wa ya dace da wanne

Wanda wannan ne tuƙinsa na farko a Turai, kuma yana son ya haɗa da ganin Roma, ya ɗauki Tuskani. Ya gama da Roma a ƙafa da jirgin ƙasa, ya karɓi mota ranar fita, cikin awa biyu da rabi yana Val d'Orcia. Ya kama gida ɗaya ya riƙa fita yana dawowa, maimakon ɗaure kaya kowace safiya.

Mai iyali, da yara da wataƙila Hajiya babba a kujerar baya, Puglia ce tasa. Tafiyar gajeru ce, ba hawa da gangara mai juya ciki, teku na kusa, kuma ba za a yi ta gardama da mai kawo abinci ba. A nemi masseria mai ɗakunan ƙasa da kicin.

Ɗan kasuwar da ya zo Milan ko Turin don harka, kwana uku suka rage masa kafin jirgi, kada ya wahalar da kansa da kudu. Langhe na bakin ƙofa, kuma kwana ukun nan su ne daidai gwargwadonta. Haka ma wanda sha'awarsa noma ce, yana son ganin yadda ƙaramar gona ke ciyar da iyali ta hanyar suna da inganci maimakon yawa. In kuwa harkar a Venis take, tuddan Conegliano da Valdobbiadene, awa ɗaya daga can, za su yi masa wannan aikin a kwana biyu.

Wanda kuɗinsa a ƙirge suke, ya dubi Sisili ko ƙauyukan cikin Puglia a Mayu ko Oktoba, amma ya sa tikitin jirgin cikin gida daga Roma ko Milan a lissafi, kuma ya mayar da mota inda ya ɗauke ta, don ajiye ta a wani gari kuɗi ne daban.

Mai karatu, wanda sunan Asad ibn al-Furat ya motsa masa wani abu, kuma hannunsa ya faɗa a sitiyari, ya ware kwana goma. Ya sauka Palermo, kwana biyu ba mota, sannan ya karɓe ta ya yi yamma: Trapani, Marsala, Mazara, kwana uku a baglio ɗaya. Daga nan ya ratsa tsibirin zuwa gindin Etna, ya tashi daga Catania, ya bar kwana ɗaya rara saboda toka.